Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga marubutan littattafan Hausa: ku daina ɗaura wa mai fyaɗe aure da wadda ya zalunta

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Yayyena da ƙannena masu alƙalami, na kasuwa da na waya, masu bugawa a takarda da masu sakewa feji-feji a WhatsApp da Wattpad da Facebook, da ku masu karanta wa jama'a a rediyo da YouTube, ina gaishe ku da aiki. Ni malamar Hausa ce a wata makarantar sakandaren 'yan mata, kuma da littattafanku na girma. Tun ina 'yar aji ɗaya nake tara kuɗin tara in kai shagon haya na bakin layinmu in karɓo littafi, in cusa shi cikin littafin lissafi don kada Inna ta gani. Karatun boko da Hausa bai zauna mini a baki ba sai ta hanyarku. Saboda haka wannan magana ta 'yar gida ce, kuma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Abin da ya sa na ɗauki biro wata ɗalibata ce. Na sauya wasu abubuwa daga labarinta don kada a gane ta. Yarinya ce mai surutu da son amsa tambaya, sai kawai aka wayi gari ta koma kujerar ƙarshe ta jikin bango. Ana tsakiyar zafin bazara tana sa riga biyu a ƙarƙashin hijabi. In maigadi ya wuce ta bakin taga sai ta zabura. Abincin da take zuwa da shi a roba haka take mayar da shi gida. Na yi ta jan ta a jiki har wata ranar Alhamis bayan an tashi, ta tsaya tana taya ni tattara littattafan jinga, sai ta faɗa mini, idonta a ƙasa, tana murza bakin hijabinta. Wani ɗan uwansu ne da ke zaune a gidansu. Wata huɗu ke nan da faruwar abin. Ba ta gaya wa kowa ba, ba ta je asibiti ba.

Na tambaye ta me take jira duk tsawon wannan lokaci. Ta ɗago ta dube ni ta ce, "Malama, ai daga baya nadama yake yi ya aure ta." Na ce wa? Ta ce, "A littafi."

Na daɗe a zaune ban iya cewa komai ba. Yarinyar nan ba son mutumin take yi ba, ko muryarsa ta ji a tsakar gida cikinta murɗawa yake. Amma a duk labaran da ta karanta a wayar yayarta, hanya biyu kawai ta gani an buɗe wa mace irinta: ko ta mutu, ko wanda ya keta mata haddi ya dawo ya rufa mata asiri. Ita kuwa ba ta son mutuwa. Sai ta zauna tana jiran ɗayar.

Kun san labarin da nake nufi, domin an rubuta shi ya fi a ƙirga, suna kawai ake sauyawa. Shi attajiri ne, ko babban soja, ko ɗan sarki, miskili wanda ba ya dariya, mata na rububinsa ba ya kallonsu. Ita 'yar aiki ce a gidansu, ko 'yar talla, ko 'yar ƙauyen da aka kawo riƙo. Wani dare ya afka mata. Kafin mai karatu ya gama jin zafin abin, marubuciya ta riga ta tanadar masa uzuri: abokai ne suka zuba masa ƙwaya a lemo, ko matar uba ce ta yi masa asiri, ko aljana ce ta shafe shi, ko wata lalura ce da likita ya ce in bai kusanci mace ba zai mutu. Daga nan sai labari ya tattara ya koma kansa. Mu bi shi Makka yana kuka a gaban Ka'aba, mu gan shi ya rame, ya daina cin abinci, yana neman ta gari-gari. Ita kuma an kore ta da ciki, ta haifi tagwaye masu kama da shi kamar an tsaga kara. Bayan shekara biyar a haɗu a asibiti ko filin jirgi, Hajiya ta ga jikoki ta rushe da kuka, a taru a kan yarinya da roƙo, "ki dubi girman Allah, ki dubi yaran nan." Ta ɗan ja aji na babi biyu, sannan ta sauko. A yi biki na kece raini, a tafi Dubai. A ƙasan fejin kuma masu sharhi na rubuta cewa wallahi ya ba su tausayi.

Shi ne ya ba su tausayi. Ku tsaya a nan ku duba da kyau. An ɗauki babban zalunci an mai da shi hanyar haɗuwar masoya, kamar yadda a tsofaffin littattafai ake haɗuwa a gidan biki ko a motar haya. An ba azzalumi zuciya da hawaye da dogon tarihi, ita kuwa an bar ta da jiki kawai, jikin da aka ɓata, sannan aka gyara da sadaki. Na sha karanta littafin da aka kwashe babi da babi ana bayanin ciwon zuciyar namijin, amma abin da ita ta ji washegari da safe bai cika rabin shafi ba. An ce ta yi kuka, ta gasa jikinta da ruwan zafi, shi ke nan.

Ba haka washegari take ba. Na zauna da yara da dama a shekarun da na yi ina koyarwa, na ga yadda take. Akwai wadda take wanka sau biyar a yini har fatarta ta yi ja. Akwai wadda ƙanshin wani turare kawai zai sa ta amai. Akwai wadda ta koma fitsarin kwance tana da shekara goma sha huɗu, uwarta na dukanta ba ta san dalili ba. Akwai kuma wadda ba ta nuna komai, tana dariya tana wasa, sai bayan shekaru abin ya taso mata a ɗakin mijinta. Kuma kusan dukkansu tambaya ɗaya ce ke cin su, ita ce kuma ta farko da ake jefa musu in sun yi magana: me ya sa ba ki yi ihu ba? A littattafanku yarinyar kirki tana kokawa har sai ta suma, don mai karatu ya tabbatar ba da son ranta ba ne. Wadda ta karanta wannan, alhali ita jikinta sandarewa ya yi ta kasa ko motsa yatsa, sai ta yanke wa kanta hukuncin cewa da laifinta. Alhali likitoci sun san wannan sandarewar. A wani bincike da aka wallafa a 2017, wanda aka yi a kan mata 298 da suka je asibitin gaggawa na waɗanda aka yi wa fyaɗe a birnin Stockholm na ƙasar Suwidin, kashi 70 cikin ɗari sun ce jikinsu ya ƙame a lokacin, sun kasa motsi ko magana. Tsananin tsoro ne ke kulle gaɓoɓi, kamar yadda kaza ke lafewa in shaho ya sauko. Da ɗalibata ta taɓa cin karo da wannan a labari ko sau ɗaya, da ba ta yi wata huɗu tana zargin kanta ba.

Sannan ga maganar ruwan zafi. Na roƙe ku da girman Allah ku daina rubuta shi a matsayin abin da ake yi. Wadda aka yi wa fyaɗe asibiti take buƙata, da gaggawa, kuma in da hali kafin ta yi wanka ko ta wanke tufafin da ke jikinta, domin a nan shaida take. Maganin da ke kare mutum daga kamuwa da cutar ƙanjamau bayan irin wannan sai an fara shan sa cikin awa 72, in an wuce ya rasa amfani. Akwai wuraren da aka buɗe musamman don wannan: cibiyar Waraka a Asibitin Murtala da ke Kano, cibiyoyin Salama a jihar Kaduna, cibiyar Nana Khadija a Sakkwato. Kuna iya kwatanta mana lefe akwati goma sha biyu har da sunan kowane leshi, kuna iya zayyana yadda ake haɗa miyar zogale da tsumin amarya dalla-dalla, kuma mata suna koya daga gare ku, ni ma na koya. To jimla uku da za ku sa wata Anti a labari ta ce "tashi mu tafi asibiti yanzu, kada ki yi wanka" za su iya tsare ran yarinyar da ba za ku taɓa gani ba.

Kuma waye mai yin fyaɗen? A labari kyakkyawan baƙo ne mai mota. A zahiri yawanci wanda aka sani ne, aka yarda da shi: ɗan uwa, maƙwabci, mai shagon da ake aiken yara, malami, mijin uwa, mai gidan da ake aiki. Binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar tare da UNICEF a 2014 ya nuna cewa mace ɗaya cikin huɗu a Najeriya ta fuskanci cin zarafi ta hanyar lalata kafin ta kai shekara 18, namiji kuma ɗaya cikin goma. Yaran maza ɗin nan, ciki har da almajiran da ke kwana a shaguna da tashoshin mota, kusan babu su a adabinmu sam. Ba mu manta da 2020 ba, shekarar da aka kama mutum 11 a Dutse kan yarinya 'yar shekara 12, aka kama wanda mutanen Kwanar Ɗangora suka laƙaba wa Mai Siket bisa zargin haura gidaje ya afka wa mata kusan 40, har gwamnonin ƙasar nan suka ayyana dokar ta-ɓaci a kan fyaɗe, jihar Kaduna kuma ta yi dokar dandaƙa a watan Satumba. Cikin waɗannan mutane wanne ne za ku so a ɗaura wa aure da 'yar cikinku?

Na san za a ce ai addini ya yi umarni da yafiya da rufin asiri. Ni ba malamar fiƙihu ba ce, amma na yi Islamiyya, kuma Muwaɗɗa tana nan a gidajenmu. Imamu Malik ya kawo cewa Abdulmalik ɗan Marwan ya hukunta wa wanda ya tilasta wa mace ya biya ta sadakinta, sannan Malik ya ce uƙuba tana kan wanda ya yi ƙwacen, babu uƙuba a kan wadda aka tilasta. Wannan sadakin diyya ce ta abin da aka yi mata, ba kuɗin aure ba ne. Abu Dawuda da Tirmizi kuma sun ruwaito labarin matar da ta fito za ta salla a zamanin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wani ya afka mata a hanya. Ta ɗaga murya, ta gaya wa mutanen da suka zo wucewa, magana ta kai gaban Annabi, ya ce mata ta tafi, Allah ya gafarta mata, hukunci kuma ya hau kan namijin. Babu inda ruwayar ta ce an umarce ta ta yi shiru don kare sunan gidansu, balle a ce ta aure shi. Yafiya haƙƙinta ce, in ta ga dama ta yi, in ta ga dama ta riƙe har gaban Allah. Abin da kuke rubutawa, inda dangi ke zagaye yarinya da kuka da ayoyi har sai ta gaji ta ce ta yafe, tilas ce ta biyu da aka naɗe da rawani.

Akwai wani wurin da abin ya fi ɓoyuwa, shi ne daren farko. Ban so in taɓo shi ba saboda kunya, amma barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. An mayar da shi al'ada a rubuta amarya tana kuka tana roƙo, ango bai saurara ba, har ta suma, har a kira likita a yi mata ɗinki. Da safe ya zo yana sa mata albarka saboda ta kawo mutuncinta, ya miƙa mata makullin mota. Ana rubuta wannan a matsayin shaidar mazantakarsa da tarbiyyarta. 'Yan mata na karantawa suna shiga aure da fargaba, suna ɗaukar cewa rauni shi ne ƙa'ida. Samari ma suna karantawa, ko da ba sa faɗa, suna koyon cewa kukan mace ba dalilin tsayawa ba ne. Allah ya ce a zauna da su da kyautatawa. Ina kyautatawa a nan?

Sai kuma macen da ake hukuntawa da fyaɗe. Ita ce 'yar gayu mai rashin kunya, ko kishiya makira, ko 'yar jami'a mai ɗage kai. In labari ya zo ƙarshe ana son a nuna sakayya, sai a turo mata 'yan daba su yi mata fyaɗe, a bar ta da cuta, masu sharhi su ce Allah ya ƙara. Ma'anar wannan ita ce akwai macen da ta cancanci a yi mata. Daga nan ne ake samun bakin cewa in ɓera da sata daddawa ma da wari, me ya kai ta, wace irin shiga ta yi. Ɗalibata da hijabi har ƙasa aka same ta, a cikin gidan ubanta, da rana tsaka.

Kada wani ya ɗauki wasiƙar nan ya kai wa hukuma a matsayin hujjar hana rubutu. Ba abin da nake nema ke nan ba. Ina tune da 2007, lokacin da aka tara littattafan Hausa da aka karɓe daga hannun ɗalibai aka cinna musu wuta a Kano, da irin takurar da marubuta suka sha a hannun Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i a shekarun da suka biyo baya. Wutar ba ta hana ko mutum ɗaya yin fyaɗe ba. In aka ce kada a ambaci abin sam a littafi, an ƙara wa masu yi duhun da suke so ne. Mun ga yadda aka yi da waɗanda suka yi magana a fili: a watan Fabrairun 2019, da matasan mata suka fara fitar da labaran cin zarafin da aka yi musu a Twitter ƙarƙashin taken ArewaMeToo, 'yan sanda sun kama Maryam Awaisu a Kaduna, ita ma marubuciya ce. Don haka ku rubuta fyaɗe. Ku rubuta shi da sunansa. Abin da nake roƙo shi ne ku faɗi gaskiya a kansa.

Kuma kuna da gadon yin hakan. Hafsat Abdulwaheed ta fitar da So Aljannar Duniya a 1980, lokacin da muryar mace a ƙagaggen labarin Hausa ba ta da wurin zama. Balaraba Ramat Yakubu, wadda aka cire daga makaranta aka yi wa aure tana ƙaramar yarinya, ta rubuta Wa Zai Auri Jahila? ta tsaya a bayan yarinyar da aka yi wa auren dole, ta bar ta ta yi karatu ta zama mutum. An zage su, an ce suna lalata tarbiyya. Yawancinku mata ne, kuma na tabbata a cikinku akwai waɗanda abin nan ya taɓa su, ko ya taɓa ƙanwa ko 'ya. Wataƙila ma shi ya sa kuke rubuta ƙarshe mai daɗi, kuna ba yarinyar labari abin da duniya ta hana ta gaske: a dawo a ba ta haƙuri, a durƙusa mata, a wanke ta a idon jama'a. Na fahimci wannan, kuma ban raina shi ba. Amma ana iya wanke ta ba tare da an kai ta ɗakinsa ba.

Wasu za su ce kasuwa ce, in ba a sa irin wannan ba mutane ba sa biyan kuɗin shiga gurup. Na san da kuɗin littafi wasunku ke ciyar da marayu da biyan kuɗin makaranta, ba na wasa da abincin kowa. Sai dai ku kuka koya wa masu karatu wannan ɗanɗano, feji bayan feji, kuma ku ne za ku iya koya musu wani. Mai karatun da ta iya bin labari wata uku tana jiran a shirya da miskili za ta iya bin sa tana jiran ranar da za a shiga kotu.

Ga labarin da nake marmarin karantawa. Yarinya ta faɗa wa uwarta, uwar ta yarda da ita tun a karon farko, ba ta ce rufe mini baki ba. Uba ya ji, dangi suka taru suka ce a kashe maganar a cikin gida saboda zumunci, ya ce a'a, ya ɗauki hularsa ya tafi ofishin 'yan sanda, ya jure gorin unguwa da gabar 'yan uwansa. Ku nuna mana wahalar da ke ciki, yadda ake ɗage shari'a, yadda ake aiko manya da kuɗi a ambulan, yadda ƙawaye ke janyewa. Ku bar ta ta yi fushi, ta yi rashin lafiya, ta faɗi jarrabawa ta sake. Ku bar ta ta warke a hankali, yau da sauƙi gobe babu. In za ta yi aure, ta auri wanda ya san abin da ya faru bai ɗauke shi alfarma yake mata ba, kuma ba ya goranta mata ranar da suka yi faɗa. In ba ta yi aure a ƙarshen littafin ba, kada ku ɗauka labarin bai ƙare ba. Ku cire kalmomin nan daga bakin mai ba da labari, "ta lalace", "ya gama da rayuwarta", "ragowar wani". In mugu a labari ya faɗe su, to, mugu ne. Amma kada su fito daga bakinku.

Ku kuma shugabannin ƙungiyoyin marubuta, da Ƙungiyar Marubuta ta Najeriya (ANA) reshen Kano da sauran jihohi, da masu riƙe da manyan gurup-gurup da ke tace labari kafin a sake shi, ku gayyato ma'aikatan cibiyoyin nan da lauyoyi mata da malaman addini su zauna da marubuta ko da yini ɗaya ne. Ku ji daga bakin waɗanda ke karɓar yaran nan da tsakar dare.

Ɗalibata ta amince na raka ta wurin mahaifiyarta. Ba abu ne mai sauƙi ba, an yi kuka, an yi faɗa, amma uwar ta tsaya mata, an kai ta asibiti, mutumin kuma ya bar gidan. Ta dawo kujerar tsakiya, ba ta kai ta gaba ba tukuna. Har yanzu tana karanta littattafanku a wayar yayarta. Makon jiya ta tsaya bayan an tashi ta tambaye ni ko na san wani littafi da yarinyar ba ta auri mutumin ba, kuma ba ta mutu ba. Na ce mata zan tambaye ku.

Wassalam.

'Yar uwarku,
wata malamar Hausa